Jakar Tana Sif, Sabulunsa Yana Leda

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da na ƙudura, don na san halina, in na ɗau zafi ba na jin kira. Ki yi haƙuri in wasiƙar ta yi tsawo. Abin ya cika mini ciki, kuma ba irin maganar da zan kai wa mahaifiyata ba ce, dariya za ta yi mini.

Ni dukanci nake yi. Jakunkunan kayan wanka nake ɗinkawa da fata, irin waɗanda matafiyi ke zuba soso da sabulu da buroshi da reza da turare. Kawuna ne ya koya mini, Allah ya jiƙansa, lokacin da kowa ke cewa wannan ba aikin mace ba ne. Yau ina da ɗan shagona a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai wanki da guga, kuma ba yabon kai ba, duk layin babu wanda bai san aikina ba. Ba na taɓa keken ɗinki. Da basilla nake huda kowane rami, in bi shi da allura biyu da zaren da na shafe da kaki, ta yadda ko ɗinki ɗaya ya tsinke sauran ba za su warware ba. Gefen fatar ma sai na goge shi da itace har ya yi santsi yana sheƙi, ciki kuma in sa shafin da ruwa ba ya ratsawa. Kwanaki wani dattijo ya dawo mini da jakar da ya saya tun ina goyon ɗana na fari, zif kawai yake so a canza. Ta yi duhu, ta yi laushi, duk ta sha tabo, amma ɗinki ko gezau. Ranar har maƙwabta na kira suka zo suka gani, na wuni bakina ya ƙi rufuwa.

To Anti, duk wannan da nake faɗa miki, mijina na aure da baƙar leda yake tafiya.

Maigidana aikin haɗa wutar sola yake yi, kamfaninsu kullum cikin tura su garuruwa yake, su kwana a masauki shi da abokan aikinsa. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Shi ya haɗa mini fitilar da ke saman teburin yanka, kuma bai taɓa cewa komai a kan warin fata ko baƙin da rini ke bar mini a farce ba. Sai dai magana a wurinsa da ƙyar ake ciro ta. Shekarar da na buɗe shago, majemin da nake sayen fata a wurinsa ya kawo mini wata wadda har yau ban sake ganin irinta ba, ja mai duhu, babu ƙwarzane, babu huda ko ɗaya. Masu saye sun so ta, na hana. Ita na yanka na yi masa jaka. Na yi mata aljihun reza daban, da ɗan maƙali na buroshi don kada ya haɗu da sabulu, na buga harafin farko na sunansa a gindin mariƙi. Har gobe in aka ce in nuna aikin da na fi alfahari da shi, ita zan nuna.

Sau ɗaya ya yi tafiya da ita. Da ya dawo, tun bai cire takalmi ba na karɓe ta na duba, don haka nake da duk abin da ya fito daga hannuna. Sai ga turarensa mai maiƙo ya tsiyayo ta bakin zif ya yi tabo a kusurwa, ga kuma shatin ruwa a gindi, alamar a jiƙaƙƙen wuri ya dangwarar da ita. Na ɗan yi faɗa, kamar yadda kowa zai yi. Na ce masa ko yaran gidan nan sun san ba a yi wa fata haka, na zauna na goge ta a gabansa, na kuma jero masa abubuwan da zai kiyaye. Daga nan ban sake ganinta ba. Ni aiki ya yi mini yawa, shi kuma da kansa yake haɗa kayansa, sai na ɗauka tana cikin akwatinsa.

Ashe ba haka ba ne. Matar wani abokin aikinsa, wadda ta taɓa saya wa mijinta jaka a wurina, ita ta zo shago tana ba ni labari tana dariya. Wai in sun sauka a masauki kowa sai ya fito da jakarsa, kusan duk ɗinkina ne, shi kuwa sai ya zaro ƙullin leda, buroshi ya huda ta ya leƙo. Har sun sa masa suna Mai Leda. Wai mijinta cewa ya yi ko akwai abin da maigidana ya sani game da jakunkunan nan wanda su ba su sani ba. Wasa take yi, na sani, na ma taya ta dariya. Amma tana fita na soke yatsana da basilla, abin da rabona da shi tun ina koyo.

Da na koma gida na birkice ɗaki. A can ƙuryar sif na same ta, bayan manyan rigunansa. Ya cusa mata tsummoki a ciki don kada ta lotse, irin yadda nake yi wa na shago, ya naɗe ta a leda, ya ƙara wata ledar a kai, ya ɗaure tamau. Anti, fata iska take so. Ledar da nake sa wa mai saye ta zuwa gida ce kawai, ba ta ajiya ba. Ina kwancewa warin rima ya buge ni, fumfuna ta yi mata fari fat, har zif ya soma tsatsa. Na zauna a bakin gado na yi kuka, ba kuma zan ji kunyar faɗa ba. Jakunkunana suna yawo gari-gari a hannun mutanen da ban sani ba, wadda na fi ƙauna kuma tana ruɓewa a cikin ɗakina.

Ban yi masa maganar ba. Na kai ta shago na ceto ta, don na san yadda ake yi, yanzu ta dawo hayyacinta. Shi bai ma san na ɗauka ba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, in ya tambaya ko lafiya in ce lafiya lau. Zuciyata tana gaya mini kunyar sana'ata yake ji, ko kuwa raina ta ya yi. In ba haka ba, me zai sa mutum da girmansa ya yarda a riƙa yi masa dariya da leda?

Ga abin da na ƙudura. Yana da ƙani wanda tun ranar da ya ga jakar yake naci, wai in yayansa ba ya so shi yana so. Niyyata in rufe harafin nan da guntuwar fata in ba shi ita, ya shigo gidan nan da ita, maigidan ya gan ta a hannun wanda ya san darajarta. Wani lokaci in ga daidai ne, wani lokaci kuma in ga kuskure ne. Ni dai na san ban cancanci wannan ba, hannuna ba na wasa ba ne. Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki,
Mai Basilla

Ƙanwata Mai Basilla,

Na karanta wasiƙarki har sai da na ji ina son in zo layinku in ga wannan ɗinki da idona. Alfaharinki halalinki ne, da guminki kika same shi, kada wani ya ce ki rage. Na kuma yarda abin da ciwo a zo har shagonki a yi miki dariya da sunan mijinki. Maigidan naki yana da nasa laifin. Bai kamata ya bari ki ji wannan labari a bakin mutanen waje ba, kuma mutumin da ke gida ɗaya da gwanar fata, tambaya ɗaya ta ishe shi sanin cewa ba a ajiye ta a leda.

Amma jakar nan kada ta je hannun ƙaninsa. Ki janye wannan tun yau. In kika yi, abin ba tsakaninki da shi kaɗai zai tsaya ba, kin sa ɗan'uwansa a tsakiya, shi kuwa bawan Allah jaka kawai yake so. Ranar da mijinki ya ga kyautar da matarsa ta yi masa a hannun ƙaninsa, an rufe harafin sunansa, irinsa ba zai ce komai ba, kuma zai daɗe bai manta ba.

Yanzu ki sake duba abin da kika rubuto mini, a hankali. Wanda ya raina abu wurgi yake yi da shi ƙarƙashin gado, ko ya bar wa yara su zuba kayan wasa. Mijinki tsummoki ya nemo ya cusa mata don kada ta lotse. A ina ya koyi wannan? A shagonki, yana tsaye yana kallon hannunki alhali kina zaton ba ya lura. Ledar ma a wurinki ya gani, ya ɗauka haka ake tattalin jaka mai daraja, shi ya sa ya ninka. Kuskure ya yi, babba kuwa, amma na mai tattali ne. Batun kunyar sana'arki ban ga alamarsa ba, kuma ba na jin duk abokan aikin nan nasa da kansu suka gano hanyar shagonki, ina zaton shi ne ya nuna musu.

Sai naki ɓangaren, tunda kin ce in faɗi gaskiya. Mutum ya dawo daga tafiya, bai cire takalmi ba, jakarsa aka fara yi wa sannu da zuwa. Aka gwada shi da yaran gida, aka karanta masa dokoki. Ke kin kira shi ɗan faɗa, ni kuwa ina jin shi har yau yana tuna shi. Dattijon da ya kawo miki jaka duk tabo, maƙwabta kika kira su taya ki murna, mijinki kuwa tabo ɗaya ya yi ya sha wanki. Abin da ya fahimta shi ne jakar ta fi ƙarfinsa, sai ya ga gara a ce masa Mai Leda a masauki da ya sake ɓata miki rai a gida. Ban ce dabararsa ta yi kyau ba, amma ki duba wanda ke ta shan tsokanar nan, kuma saboda wa.

Gyaran fata ba zan koya miki ba, kin riga kin gama. Abin da nake so shi ne ki daina ce masa lafiya lau alhali ba lafiya ba. Ki samu lokacin da yara ba sa kusa, ki ajiye jakar a gabansa, ki gaya masa inda kika same ta da irin kukan da kika yi. Ki tambaye shi dalili, sannan ki yi shiru ki jira, ko da zai ɗau lokaci, kada ki amsa masa tambayar da kanki. In ya faɗi abin da ya saɓa da hasashena ki saurara, don ni wasiƙa kawai na karanta, ke kika san mijinki. Ki kuma gaya masa a fili cewa jakar tasa ce, ya jiƙa ta, ya ajiye ta inda ya ga dama, in ta lalace ai mai gyara yake aure. Tafiyarsa ta gaba ki zuba masa kayan da hannunki, har da turaren nan mai tsiyaya. In ya dawo kika ga sabon tabo ki cije leɓe. Na san zai yi miki wuya, amma za ki iya.

Ƙanin mijinki kuma, in har yana son jaka, ya zo shago ya zaɓi fata kamar kowa. Wannan ki ce masa tana da mai ita.

Allah ya ƙara wa hannunki albarka, ya daidaita tsakaninku, ya kai maigidan lafiya ya kuma dawo miki da shi lafiya.

Taki,
Anti