Ranar Gyaran Hanya a Kamitani

Zuwa ga ƙanwata Fusae,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan gwiwarki ta yi sauƙi.

Guguwar makon jiya ta zabtaro dutse ya rufe titin da ke bin gefen kogi. Hukuma ta ce sai baɗi za a gyara. Saura tsohuwar hanyar ƙafa ta cikin daji, wadda muke bi zuwa makaranta, ita kuwa gora da ƙaya sun cinye ta. Ma'aikaciyar lafiya mai zuwa duba ni da rarrafe ta tsallako duwatsun. Ta ce in ba a share hanyar dajin kafin ƙanƙara ta sauka ba, gidan tsofaffi za a kai ni.

Kin san ranar gyaran hanya kowane gida mutum ɗaya yake bayarwa. Gida ɗaya ya rage a ƙauyenmu Kamitani, mutumin cikinsa kuwa, wato ni, ko fartanya ba ya iya ɗagawa. Ba na son tafiya, Fusae.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Tokuji

Yaya,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan, tana zagina.

Wa ya ce maka gida ɗaya ya rage? Duk karatunka ka manta? A Kamitani gida bai tashi ba sai an kwashe kaburburan kakanninsa. Na gidan Ogura da na Nishioka suna nan a tudu, kai ma kake share su. Aikin hanya yana wuyansu.

Na kira su a waya, can inda suka ƙaura. Matar Ogura ta ce, "Tokuji mai kan kabewa yana raye?" Na ce yana nan, kan ma ya ƙara girma. Ta yi dariya, sai kuma ta fashe da kuka. Ɗana Norio zai tsaya a madadinka. Lahadi da safe ka buga ƙararrawar haikali kamar da.

Ka ci abinci, tsoho.
Fusae

Fusae,

Ina gaishe ki.

Na buga ƙararrawar, ban sa rai da kowa ba. Can sai na ji saran adda daga ƙasan kwari, yana hawowa. Kafin yamma Norio da mutanen gidan Ogura da na Nishioka suka ɓullo ta bayan haikali, duk sun yi kaca-kaca da taɓo. Shinkafata ba ta ishe su ba.

Ma'aikaciyar lafiya ta bi hanyar jiya. Ta ce in yi zamana a gidana.

Yayanki, Tokuji