Saɓa a Gindin Furannina

Yaya Lantana,

Assalamu alaikum. Ina Inna da ciwon gwiwarta? Ina yara? Mu a nan Kurudu lafiya lau, kada ki tayar da hankalinki.

Kin san na shuka furanni a bayan ɗakinmu. Maƙwabciyata Clara ce ta ba ni iri, ta ce idan sun buɗe in riƙa yanka mata, ta saya ta yi wa cocinsu ado. Ni da ban taɓa shuka abin da ba a ci ba, sai na lulluɓe gindinsu da busasshiyar ciyawa, yadda muke yi wa irin tattasai a fadama.

Ranar Talata na ɗaga ciyawar zan ba su ruwa, sai ga saɓar maciji, tsawonta ya kai hannuna. Yaya, Najwa rarrafe take yi yanzu, kuma nan ne wurin wasanta. Tun ranar ban sauke ta daga bayana ba. Manniru yana wurin gadinsa, sai Asabar yake dawowa. Ban gaya wa mai gidan haya ba, don cewa zai yi in tuge su duka.

Don Allah ki karɓo mini maganin da Kawu ke barbaɗawa a bakin rumbu, ki ba direba. Kada Inna ta ji. Allah ya bar zumunci.

Jiya furannin suka buɗe, ja da fari, gwanin kyau. Ta taga nake kallonsu.

Ƙanwarki,
Muhibba