Kada Ka Hau Jirgin Nan, Qillaq

Zuwa ga ɗana Qillaq,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya a can tashar auna iska. Mu a Qaanaaq lafiya lau. Ƙanwarka Ivalu ta haifi namiji, gwiwar babanka kuma ta yi sauƙi.

Ivalu ta faɗa mini wai ka gaji da canza matatar iska kullum kana aikawa a bincika, wai za ka koma aiki a jirgin ruwan masu yawon buɗe ido. Ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ka san tudun ƙanƙarar bayan gida inda babanka ke binne naman farauta, ya kai mu har bazara. Bana tudun ya yi duhu kamar an barbaɗa masa toka. Da rana ta dawo bayan watannin duhun hunturu sai ya narke tun kafin lokaci, naman ya ruɓe, karnuka ne suka ci rabonmu. Na shafa ƙanƙarar, tafina ya yi baƙi. Tun a makaranta aka koya mana cewa fari yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye zafi yake yi. Kai ma da bakinka ka ce mini hayaƙin jiragen ruwa da na gobarar dazukan nesa ne iska ke kawo mana. Babanka ya yi dariya, wai ƙanƙarar ce ta tsufa kamar ni, har da tabo a fuska. Na ce masa ya je ya ci dariyar tasa da daddare, tunda nama ya ƙare.

Yanzu ɗan da na haifa zai bar aikin nuna wa duniya abin da ke sauko mana, ya je ya zuba wa baƙi shayi a ƙarƙashin bututun hayaƙi? Gundura ba ciwo ba ce, Qillaq. Wanda ya ajiye aiki don ya gundure shi, gobe iyalinsa zai ajiye. Na ɗinka maka sabbin takalman fata, suna tafe. Ka zauna. In kuwa ka hau jirgin nan, ranar da ya tsaya a gaɓarmu kowa zai sauka tarbarka, ni ina gida, ƙofata a rufe.

Ka gaishe da abokin aikinka Minik. Babanka da Ivalu da gwaggonka Paninnguaq suna gaishe ka.

Mahaifiyarka mai jiran amsa,
Arnannguaq