Arba'in da Bakwai Cikin Hamsin

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake. Jiya na kira Baba a waya, ko kalma ɗaya ban tsinta ba, duk ta hanci take fita. Tun da aka yi masa tiyatar ciwon daji aka toshe ramin ganɗarsa da robar nan muke wannan fama. To yaya aka yi takardar asibiti ta ce ya ci arba'in da bakwai cikin hamsin a gwajin magana? Wai roba ta zauna daidai, babu gyara sai bayan wata shida! Na tambayi mai gwajin, ta ce ke aka ba biro ki rubuta abin da kika ji yana karantawa. Me kika aikata?

Ki huta lafiya.
Yayanki.

Yaya,

Ina amsa gaisuwa. E, na leƙa katin kalmomin da ke hannunsa na kwafe. Sai me? Kana can kana aiko umarni, ni ce mai wanke robar nan da buroshi safe da yamma, ni ce mai goge shayin da ke zubo masa ta hanci. Mutumin da ya shekara talatin yana hedimasta, tsawa ɗaya yara ɗari biyar su nutsu, ga shi yana gumi ya kasa cewa "ƙofa". Ya ɗago ya kalle ni. So kake in dangwara masa sifiri a gaban mai gwajin, yarinyar da ya yi jika da ita? Wallahi ban san da makin ake yanke shawarar gyara ba. Da ka taɓa rako mu sau ɗaya, ai da ka wayar mini da kai, sarkin sani.

A gaida yara.
Ƙanwarka.

'Ya'yana,

Ina gaishe ku. Na ga wasiƙun da kuka aika wa juna. Na koma asibiti ni kaɗai, na rubuta musu gaskiyar abin da ya faru. Suka kira wata mai shara da ba ta san ni ba ta saurare ni. Na ci tara cikin hamsin. Ranar Litinin za a sake auna bakina don gyara robar.

Ku daina yi wa juna haushi, dukanku kun ba ni kunya. Wata huɗu ina magana kuna "to, Baba, madalla" kamar kuna lallashin mahaukaci. Matar nan ce mutum ta farko da ta dube ni ta ce, "Baba, ban gane ba, sake faɗa."

Allah ya shirye ku.
Mahaifinku.