Layin Rana a Asibitinku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Asibiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Sabi'u, tela ne ni a Gyaɗi-Gyaɗi. Ba zan kama sunan asibitinku ba, kun san kanku. A zamanin soja haɗiye magana muke yi. Yanzu an ce farar hula sun dawo, talaka ya samu baki, shi ya sa na ɗauki biro.

Matata Hajara zabiya ce, fatarta ba ta jure rana. Ranar da na je neman aurenta a Darmanawa, mahaifinta bai tsawwala mini sadaki ba. Abu ɗaya ya roƙa: kada in bar ta a rana. Na yi alkawari. Bana wani gyambo ya fito mata a kunne ya ƙi warkewa, likitanku ya ce ciwon dajin fata ne.

Ranka ya daɗe, ga kukana:

1. Likitan ya ja mata kunne ta guji rana. Amma tagar karɓar kati a tsakar fili take, ko bishiya babu. A nan muke yini.

2. Ɓangaren fata ya tura mu tiyata, tiyata ta tura mu gwaji, gwaji ya ce mu koma baya. Kowanne da ranarsa, kowanne da layinsa a waje. Kuma sun ce sai ta tsaya da kanta, miji ba ya riƙe wa mata layi.

3. Zuwanmu na ƙarshe fuskarta ta yi jajir. Na tuɓe rigata na yi mata inuwa, na tsaya daga ni sai singileti, mutane suna kallo. Wallahi ba wannan ce ta ba ni kunya ba. Kunyar ita ce da surukina ya zo dubiya da yamma, ya kalli fuskarta, sannan ya kalle ni.

Yanzu Hajara ta ce ba za ta koma ba, gyambon kuwa ci yake yi.

Roƙona, ku ware wa masu wannan ciwo rana ɗaya da ɗaki ɗaya, da sassafe, likitocin su taru a same su. In hakan ya yi nauyi, ko rumfa ce ku kafa. Tampol ɗin ma na riga na ɗinka, yana nan naɗe a shagona. Izininku kawai nake jira.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa ku a inuwarSa ranar da babu wata inuwa.

Wassalam,
Sabi'u Tela, Gyaɗi-Gyaɗi.