Rijiyar Malam Ɗantsoho

Kwarin Gawo, ta Babban Mutum
Farkon watan Rajab

Barakatu matar Liman ce ke rubuta wannan, ni Hasana nake faɗa. Sunanka ma ita ta sa a bayan ambulan, ka san bakina ba ya kiran ɗan fari.

Ina gaishe ka, da Khairunnisa da yara. Mu nan lafiya, gero ya yi kyau.

Jiya Audi mai amalanke ya zo ƙofar gida yana leƙen rijiyar ubanka. Na ce, "Audi, akuyarka ce ta faɗa?" Ya ce, "A'a Inna, Dagaci ne ya ce in duba amalanke nawa na ƙasa za ta ci." Wato kai ka aiko shi. Wai tunda ka kawo burtsatse binne ta za a yi. Wai mata da makiyaya suna cakuɗuwa a bakinta, Shari'a ta hana.

Shekara arba'in ina jan ruwa a nan, ban ga wadda aka sace ba. Ubanka da hannunsa ya haƙa ta, shi da Harisu mai haƙar rijiya, gaba goma sha bakwai, rani biyu. Bai je Makka ba, bai gina masallaci ba. Ita ce guzurinsa. Duk gugan da ya fito, lada na iske shi a kabari. Ranar da zai cika ya riƙe hannunka ya ce a riƙa yashe ta, ka ce to. Ina zaune a wurin.

Na ji kuma ranar buɗe burtsatse ka karɓi lasifika ka ce kai ka shayar da garin nan. Ubanka yana da wani labari da ya ji a bakin wani Kirista, abokin cinikinsa na shanu a Jos. Wani sarki ne, Buhtunasar, ya hau benensa ya dubi birni ya ce, "Wannan duk ƙarfina ne ya gina." Bai rufe baki ba Allah ya zare masa hankali. Aka kore shi daji, yana cin ciyawa kamar sa, raɓa na dukansa, farcensa ya zama na shaho. Shi birni ya gina. Kai fanfo ne guda.

Ka bar mini rijiya. Allah ya shirya.

Uwarka.

*

Daura
16 ga Satumba, 2002

Zuwa ga mahaifiyata Inna Hasana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta iso ni, na kuma fahimci damuwarki.

Inna, labarin wancan sarki na mutanen Littafi ne, ba a kafa hujja da shi. Maganar lasifika kuwa, 'yan hassada ne suka ƙara mata gishiri. Zamani ya canza, manyan baƙi na zuwa duba aikinmu, bai dace su tarar da taɓo da kashin shanu da mata ba mayafi a ƙofar gidan da aka haifi Dagaci ba. Amma tunda ranki bai so ba, an bar zancen. Babu mai taɓa rijiya ina raye.

Wata maganar ita ce idonki. Na yi magana da likita a nan Daura, ya ce zai cire miki yanar. Zan turo mota ranar Lahadi. Ki zauna da mu sati uku ki huta, jikokinki na ta tambayarki.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Ɗanki mai biyayya,
Alhaji Ma'aruf Ɗantsoho
Dagacin Kwarin Gawo

*

Kwarin Gawo
Tsakiyar Sha'aban

Barakatu ce dai ke rubutawa. Ta ce in fara da gaisuwa. To, na gaishe ka.

Ido ya buɗe, na gode. Abin da ya fara gani da na sauko daga motarka, siminti ne a shafe inda rijiya take, an kafa rumfar kwano a kai, dogarinka na zaune yana yanke farce. Ya ce, "Sannu da zuwa Inna, kin ga gyara?"

Audi ya ce ranar Litinin aka fara zuba ƙasa. Ni Lahadi na tafi. Ashe ranar da ka durƙusa a tsakar gidanka kana ce mini sannu da hanya, ka riga ka yi ciniki da masu shebur. Sati uku ina cin tuwonka, kana shigowa da safe kana tambayata ido. Ko sau ɗaya muryarka ba ta yi rawa ba.

Liman ya ce in kai ƙara wurin alkali, yanzu da Shari'a talaka na iya tsayar da mai sarauta. Ba zan je ba. Ba zan tsaya gaban mutane in kira sunan da ban taɓa kira ba.

Buhun shinkafar da ka sa a mota yana zaure, a aiko a ɗauka. Kada ka zo gaisuwar Sallah. Ban yi maka baki ba, Barakatu shaida ce. Na dai yi shiru.

Hasana matar Ɗantsoho.

*

Daura
Ranar Alhamis

Inna,

Ina durƙusawa ina gaishe ki. Ni ce Khairunnisa. Ki yi haƙuri da rubutuna.

Yau kwana goma sha biyu da Alhaji ya faɗi yana ɗaura rawani zai fita. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Mun kai shi Katsina, an dawo da mu gida. Ruwa ma da cokali nake ɗiga masa, rabi ya zube a wuya. Mutumin da ba ya shan ruwa a kofin da wani ya taɓa, Inna.

Mun ji injin burtsatse ya lalace tun watan jiya, mata na zuwa har Babban Mutum da jarka cikin wannan zafi. Da aka faɗa masa ya juya fuska bango.

Maganarsa ba ta fita sosai, amma ni ina ganewa. Yana cewa Inna. Jiya kuma ya sa na ɗauko takardarki ta farko na karanta masa sau biyu, ya tambaya yaya ƙarshen sarkin nan ya kasance, don ba ki faɗa ba.

Ni wallahi ban san da maganar binnewar ba sai da kika tafi. Ki dubi Allah ki dubi yara ki zo, ki ce kin yafe.

'Yarki,
Khairunnisa

*

Kwarin Gawo

Khairunnisa, ina gaishe ki, sannu da jinya. Barakatu ce ke rubutawa.

Ki ce masa sarkin shekara bakwai ya yi, ya ɗaga kai sama ya san mai shi, aka mayar masa da hankalinsa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ban yi murna ba, daga cikina ya fito. Nonon da ya sha na yafe. Ƙaryar da ya yi mini, ita ma na yafe, tawa ce. Rijiya ba tawa ba ce da zan yafe. Ta wanda ke kwance a kabari ce, shi kuwa ba ya amsa takarda.

Ga yadda za a yi. Audi ya zuba amalanke sittin da biyu, shi zai kwashe su, ya yarda. Dogari ya fasa simintin da ya tsare. Harisu ya tsufa, ba zai shiga rami ba, amma zai zauna a baki ya nuna. Mijinki kuwa ba ya iya magana sosai, amma hannun hagu na aiki. Ya dangwala yatsa a takarda cewa ya ba da izini, ki aiko wa Liman, a karanta ranar Juma'a a lasifika.

Ranar da guga ya fito da ruwa zan cika gora in hau mota in zo in ba shi da hannuna. Harisu ya ce aikin zai ci wata biyu. Ki ce masa ya daure ya kai.

Hasana.