Na Sake Ɗaukar Tulun Maryamu

Laraba, 11 ga Disamba, Pitowa

Tun da muka binne ƙanwata Maryamu da damina ban taɓa tulun da take kaɗawa a zumuntar mata ta majami'armu ba. Fushi nake da Allah, ban dai gaya wa kowa ba.

Yau shugabarmu Mama Rifkatu ta shigo, ta ce, "Talatu, kin share gida tas saboda Kirsimeti. Zuciyar fa? Ko Jariri Yesu zai sake rasa masauki?"

Na sha kuka, sannan na rungumi tulun na bi ta majami'a. Sau biyu ina ɓata kiɗan, amma mata suka dinga guɗa.

Yesu, fushin ya sauka. Ɗakin ƙarami ne, amma ka shigo.